Ta Uku a Falon

Bayan isha'i kowa ya watse, aka bar mai tace hoto ita kaɗai a ɗakin aiki marar taga. Gobe darakta zai karɓi fim ɗinsa, ga shi sai yanzu ɗanyen hoton ya gama wucewa daga manhajar tacewa zuwa ta gyaran kala.

Ta buɗe fitowar da uwa da 'yarta ke hira a falo. Duhu ya yi yawa, ta ɗan ƙara haske, sai ga wata tsohuwa tsaye a bayansu. Ta duba manhajar farko, mutum biyu ne. Da ta dawo manhajar kalar, tsohuwar ba ta nan.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Ta miƙe ta murɗa ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zance ba. Ta shiga ƙwala wa maigadi kira.

Kujerar da ta tashi a kai ta yi ƙara, alamar an zauna.

"'Yar nan," in ji wata busasshiyar murya, "tunda kin fito da ni, zo ki rage hasken nan. Idona yake ci."