Rariyar Aisa

Magariba ta kusa, awaki sun dawo daga kwari, garin Gure ya yi tsit. A gidan Garbai kuwa ruwan wanke-wanke ya ƙi fita. Ya kwanta a kusurwar bayan madafa, baƙi ƙirin, dusar gero na yawo a kansa.

Shekara ashirin matarsa Aisa tana wanke ƙore da akusa a wannan kusurwa, ruwan yana bin rariya ya fice ta ƙarƙashin katanga. Wata huɗu ke nan da ta je Gamu ganin danginta, zazzaɓi ya ɗauke ta, aka binne ta can. Tun daga ranar Garbai ya hana a ambaci sunanta. Shi da ƴarsa Yakura suka rage, suna cin tuwo ba mai cewa uffan.

Garbai mutum ne da ya gwammace ya karye da ya ce a taimake shi. Ya naɗe hannun riga, ya zura kara cikin rariyar, bai ji yashi ya toshe ta ba. Ya zagaya waje ya duba bakinta, a buɗe yake. Sai ya ɗauko fartanya ya yi ta tono, har ya ci karo da wata tsohuwar tukunya a kife, ta gusa ta tare hanyar ruwan. Ko bisimilla bai yi ba, ya fizge ta ya wurga bayan katanga. Ruwa ya wuce sumul, shi kuma ya ji daɗin kansa.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara faɗowa kan ƙoren, ɗaya bayan ɗaya, ba a ga hannu ba. Rana ta uku Garbai ya iske Yakura durƙushe a kusurwar tana goge akushi ɗaya da toka, tana gogewa, har yatsunta suka tsage. Ba ta ci, ba ta amsa kira. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ita kaɗai ta rage masa.

Sai ga mai girman kai a ƙofar Malam Fannami, tsohon malamin unguwar. Malam ya zo ya shimfiɗa buzu, ya sa turare a garwashi, ya daɗe yana karatu. Hannun Yakura ya tsaya. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciya. Ina Aisa? Kullum kafin ta zubar da ruwa sai ta ce, 'Gafara, masu ƙasa,' sannan ta ba ni labarin yini. Wata huɗu shiru. Na toshe ruwan don ta fito, ko faɗa ne ta yi mini. Sai wannan ya jefar da ɗakina. To, na riƙe ƴarta, hannunsu iri ɗaya ne."

"Yarinya ba taki ba ce. Za a mayar miki da tukunyarki."

"Ba tukunya nake so ba. A gaya mini inda ta je, in sake ta."

Malam ya juyo. "Garbai, nan karatuna ya tsaya. Saura bakinka."

Tun da abin ya faru Garbai bai taɓa furta shi ba.

"Aisa ta rasu," ya ce. "A Gamu. Ko jana'izarta ban iske ba."

Hayaƙin turaren ya miƙe, ba abin da ya motsa.

"Allah ya jiƙanta," in ji muryar. "Ashe ba fushi ta yi da ni ba. Na tafi, ba abin da zan zauna wa. Amma ka riƙa yi wa yarinyar nan magana. Gidanka ya fi ƙarƙashin ƙasa shiru."

Yakura ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin ubanta.

Bayan kwana biyu, yatsun Yakura suna ɗaure da tsumma, Garbai ya durƙusa a kusurwar yana wanke ƙore da akusa da kansa. Yakura ta zauna tana kallonsa.

"Baba, ba haka ake riƙe akushi ba."

Ya tsaya, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

"To nuna mini," ya ce. "Ta yaya Aisa take yi?"