Kwalbar Neman Aure a Bakin Teku

"Araba, sa'a bakwai ina tuƙi daga Kumasi don in nemi aurenki a wajen duwatsu?"

"A wajen babana Paapa, Boakye. Nan teku ta haɗiye jirginsa, nan kabarinsa yake."

Ya ɗauko kwalbar giyar neman aure, wadda a al'adarmu ake miƙa wa uban yarinya. Na rantse wa mahaifiyata Maame cewa in babana bai karɓa ba, ba aure. Ina son Boakye har cikin raina, amma rantsuwa rantsuwa ce.

Talata ce, ranar da masunta ba sa shiga ruwa. Ko mutum ɗaya babu a gaɓar, sai baƙaƙen duwatsu masu kaifi da hazo. Tsuntsaye ma sun yi tsit.

Ya ɗora kwalbar a kan dutse, ya faɗi sunansa da na danginsa. Igiyar ruwa ta ɗauke ta, ta juyo, ta ajiye ta a tsaye a gabansa. Ya sake. Ta sake dawowa, a tsaye dai.

"Rabin raina, mu tafi..." in ji shi. "Wa zai gaya wa Maame ya ƙi?"

"Ni."

Hawaye ya cika min ido, na sunkuyar da kai. Sai na ga ƙafarsa.

"Boakye, da takalmi kake tsaye gaban surukinka? Haka ake yi a gidanku?"

"Wallahi tsoro ne ya mantar da ni."

Ya cire takalman, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa yadda ake yi gaban manya. Ɗan birnin da ko a tsakar gida ba ya taka ƙasa, ya bi duwatsun nan ƙafa ba takalmi, suna yankarsa, jini na bin sawunsa.

"Paapa, ka yafe min. Ka ba ni Araba, zan riƙe ta amana."

Ruwa ya ɗauki kwalbar. Muka jira, muka jira, ba ta dawo ba. Na faɗa jikinsa ina kuka.

Da muka buɗe mota, warin tabar da Paapa ke sha a lofe ya tarbe mu. Kujerar baya a jiƙe take sharkaf da ruwan gishiri, alhali gilasai a rufe muka bar su.

Boakye ya kalle ni, ya kama sitiyari.

"Tuƙa a hankali, masoyina," na ce. "Shekara goma sha ɗaya Paapa bai je gida ba."