Motar da Ta Kwana a Ƙofar Bonnie

Ranar da Kaisa Rautio ta fara ganin Lonnie Pruitt, yana tsakiyar titi a gaban kantin garin Kivela, motarsa na juyi a wuri ɗaya kamar kare mai bin jelarsa. Baƙa ce doguwa, tsohuwar yayi, irin masu gurnanin nan da duk ƙarfinsu a tayoyin baya yake. Yana taka totur, tayoyin na kuka a kan ƙanƙara, motar ba gaba ba baya.

Kaisa ta tsayar da motar ture ƙanƙara ta babanta, ta sauke gilashi.

"Kai baƙo! Rawa kake koya mata ko tuƙi?"

Ya leƙo, hancinsa ya yi ja. "Ranki ya daɗe, a garinmu ba ta taɓa yi mini haka ba."

"Ina ne garin naku?"

"Alabama."

"Ashe! Ɗan Kudu ne. Cire ƙafarka daga totur kafin ka kashe wani. Me ke cikin but ɗinka?"

"Babu komai."

"Kamar kanka ke nan."

Ta sauko, ta ciccibo buhunan yashi daga bayan motarta ta jibga masa a but don bayan ya yi nauyi. Ta ce ya sa giya ta biyu, ya taɓa totur kamar mai taɓa ƙwai. Motar ta ja jiki a hankali. Da ya nemi lambarta don wai ya mayar da buhunan, ta ba shi tana dariya.

Ni mai ba ku labarin nan ban yi boko ba, amma na ci sanyin arewacin Michigan fiye da duk wanda ke numfashi a Kivela. Ƙanƙara ta ci mini yatsu biyu, ta binne tsararrakina kaf, ni kuwa ga ni daram. Saboda haka in na ce muku babu wani mai hankali a nan da ke fitar da irin wannan mota da hunturu, ku yarda. Gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe kamar gara. Ana rufe irin motocin nan ne a gareji daga zubar dusar ƙanƙara ta farko har ciyawa ta fito.

Saƙon Lonnie ya shigo kafin Kaisa ta isa gida.

"Sarauniyar ƙanƙara, na iso lafiya. Buhunanki sun cece ni. Amma yanzu ƙirjina ne ya yi nauyi, ban san abin da kika jibga a ciki ba."

Ta amsa: "Yashi ne, Ɗan Kudu. Ka sha shayi ka kwanta."

Haka suka fara. Ya zo aiki ne a injin yanka katako, ya kama ɗaki a saman Tudun Maƙabarta. Motar ta babansa ce marigayi, ita kaɗai ya bar masa. Ya nuna mata inda tafin hannun tsohon ya cinye fatar sitiyari, ya ce in ya riƙe wurin ji yake kamar suna gaisawa. Kaisa ta ɗora yatsunta a wurin, ta kasa tsokanarsa a karon farko.

Abu ɗaya take yi masa gori da shi kullum: tudun gidansa.

"Zuma, na rantse wannan akwalar ba za ta hau Tudun Maƙabarta ba sai bazara."

Wata safiya ya turo: "Albishirinki. Jiya na haye tudun kamar wasa. Yanzu a ƙofar ɗakina take kwana."

"Jarumina! Yau na yarda kai namiji ne."

Ranar Lahadi ta kai shi gida. Babanta, Eino Rautio, mutum ne mai fuska kamar ƙofar kurkuku. Yana da tasa jar mota a gareji, lulluɓe da bargo, tayarta ba ta taɓa sanin ɗanɗanon gishiri ba. Mahaifiyar Kaisa ma, kafin ta rasu, a waje take barin tata motar, don garejin mota ɗaya yake ci.

Eino ya leƙa ta taga, ya ga baƙar motar ta yi fari-fari da gishiri.

"Taka ce waccan?"

"Tawa ce, yallaɓai. Gadon babana ce."

"To babanka ya haifi asara. Da ya sani da ya sa an binne shi da ita."

"Baba!" in ji Kaisa.

"Rufe mini baki. Yaro, wanda ya ba gishiri motar ubansa, me zai yi da 'yar wani? Ajiye cokalin nan ka fita."

Lonnie ya ajiye, ya ce, "Na gode da abinci, yallaɓai," ya fita. Kaisa ta bi shi ba ko riga mai kauri, ta riƙe masa hannu a bakin ƙofa.

"Kada ka kula shi, Zuma. Ni na zaɓe ka."

Akwai wani Curt Salmi, mai motar janwe, wanda tun suna yara yake bin Kaisa tana korarsa. Eino kuwa shi yake so ta aura. A garin nan kuwa ba a tambayar inda mutum ya kwana, rufin motarsa ake dubawa. In ta wayi gari da tulin dusa a kai, ƙarƙashinta a bushe, to a nan ta kwana, kuma kafin a gama karin kumallo kowa ya ji.

Curt ya turo wa Kaisa hotuna. Baƙar motar ce, safiya daban-daban, dusa tuli a kanta, a ƙofar Bonnie Jarvi, bazawarar da gidanta ke gindin Tudun Maƙabarta. Ƙarƙashi ya rubuta: "Ɗan Kudunki ya samu mai ɗumama shi. Sannu fa."

Kaisa ta ƙura wa hotunan ido. Ta rubuta wa Lonnie: "Zuma, ina motarka ta kwana jiya?"

"A ƙofar ɗakina mana, sarauniyata. Me ya faru?"

Ta rufe saƙon. Ta nuna wa babanta hotunan, shi kuwa har da murmushi.

Washegari da sassafe suka fita ture ƙanƙara, ita a kan sitiyari, shi a gefe. An kwana dusa na zuba. Da suka iso gindin tudun, ga motar nan a ƙofar Bonnie.

"Ga ta," in ji Eino. "Titi ta tare. Aikinki ne ki share titi."

Kaisa ta sauke faifan ture ƙanƙara da ke gaban motar. Ta kwaso ƙanƙarar layin gaba ɗaya, mai nauyi, haɗe da tsakuwa da gishiri, ta danna wa motar a gefe. Ta ji ƙarfe ya yi ƙara.

"Ƙara," in ji Eino.

Ta ja baya ta ƙara. Gilashi ya fashe. Tana kuka tana ƙarawa, har baƙar motar ta ɓace, sai wani farin tsauni a wurin.

Bonnie ta fito da rigar barci da takalman ƙanƙara, tana ihu.

"Kun haukace ne? Ta ina zan fita? Dama na gaji da roƙon yaron nan ya daina ajiye mini ita a ƙofa, yanzu kun binne mini ita a nan!"

Kaisa ta sauko. "Ba a gidanki yake kwana ba?"

"A gidana? Ke yarinya, ko sunansa ban riƙe ba! Motar ce ba ta iya hawa tudun. Kullum sai ya gwada, ta zamo da baya, ya bar ta nan ya hau da ƙafa kamar jaki. Dubi can!"

Kaisa ta ɗaga kai. Lonnie ne yake saukowa a gefen titi, dusa har gwiwa, riƙe da kwanon abincinsa. Ya tsaya. Ya dubi tsaunin, ya dubi faifan motarta, ya dube ta.

"Ina motar babana?"

Kaisa ta fizgo shebur ta fara tona. Mutane suka fara taruwa, wasu da kofin shayi a hannu. Curt ya iso da janwensa ya jingina yana kallo.

"Kaisa, ki bar ta sai bazara mana, ai an adana masa ita yadda ya kamata!"

Aka kwashe da dariya. Safar hannunta ta jiƙe ta cire, ta ci gaba da hannu tsirara har fatar ta tsage. Lonnie bai ɗaga ko yatsa ba.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?" ta ce tana haki.

"Saboda kin ce na zama namiji. Na ji daɗin kalmar." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni na yi ƙarya a kan tudu. Ke me kika yi?"

Rana ta yi tsaka kafin motar ta fito. Gefenta ya lotsa ciki, rufin ya danne, gilashin gaba ya zube a kan kujera, sitiyarin ya karye gida biyu daidai inda fatar ta cinye. Lonnie ya zaro ɓarin ya sa a aljihun rigarsa.

Eino ya matso, ya shafa lotsattsen ƙarfen.

"Yallaɓai," in ji Lonnie, "gishiri da shekaru zai yi kafin ya ci ta. Kai da 'yarka kun gama kafin a sha shayi."

Ya juya ya hau tudunsa.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kaisa ta daina cin abinci da babanta. Hannayenta a naɗe da bandeji, da ƙyar take danna waya, amma kullum sai ta tura.

"Zuma, ban ce ka yafe ba. Ka dai ce mini ka ci abinci."

"Ɗan Kudu, na tsani hannuwana."

"Ko zagina ne ka yi, in ji muryarka."

Shiru. Curt ya zo da furanni daga kanti, ta karɓa ta jefa a murhu yana tsaye. Ta ce in ya sake taka ƙofarsu, janwensa ne zai kwana ƙarƙashin tsauni. Na sha ganin mata masu zuciya, ni da na binne matana biyu, amma irin ta 'yar Rautio sai an tona.

Ran nan tana kwashe kwanuka waya ta yi ƙara, saƙon Lonnie ne.

"Ina son in gyara motar. Ina buƙatar gareji mai murhu. Na babanki nake so. Ki gaya masa mota ɗaya yake ci."

Ta ajiye wayar a gaban Eino. Ya karanta, fuskarsa ta yi toka.

"Ya san abin da yake nema kuwa? Tawa fa a waje ke nan. Cikin dusa."

"Ya sani, Baba. Ni ma na sani. Kai ka ce in ƙara, na ƙara. Ko ka buɗe garejin nan, ko in hau tudun can in durƙusa a ƙofarsa har sanyi ya kashe ni, ka zauna kai da motarka."

Eino ya daɗe yana kallon bandejin hannunta. Sannan ya tashi ya ɗauki makulli.

Bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya yaye bargon, ya sa kafaɗa, ya turo jar motar waje da kansa, dusa na sauka a kan fentin da bai taɓa jiƙa ba. Maƙwabta suka fito kallo. Wani ya ce, "Eino, yau amaryar taka ta ga gari!" Tsohon bai ɗaga kai ba, hawaye na daskarewa a gemunsa.

Da aka jawo baƙar motar ciki, Lonnie ya tsaya a bakin garejin. Kaisa ta kasa matsowa. Shi ya zo, ya kama hannayenta ya juya su a hankali.

"Suna ciwo?"

"Sosai."

"Madalla," ya ce. Sai kuma ya ɗora su a ƙirjinsa. "Ban gama fushi ba, sarauniyar ƙanƙara. Amma na gwada yin sa ni kaɗai, ba ya yi mini daɗi. Ki aure ni, in ƙarasa shi a kusa da ke."

Ta fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya. "Na yarda, Zuma. Ko shekara nawa zai kai."

Sauran hunturun maza biyun a garejin suka ƙare shi, suna buga ƙarfe, ba mai yi wa wani magana sai "miƙo sifana". Motar ta tashi, amma ƙofar hagu ba ta sake rufuwa daidai ba har yau.

An ɗaura auren a ƙaramin cocinmu lokacin da ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa. Aka ci burodi mai cushe da nama da dankali, aka sha kofi har aka gaji. Bonnie ce ta fi kowa rawa. Da fasto ya ce uban amarya ya sa albarka, Eino ya miƙe da ƙyar, ya dubi angon ido cikin ido.

"Yaro, na ba ka ita, ba na karɓar mayarwa. Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah kuma ya ba ka 'ya mace mai zuciya irin tata, ta kawo maka wanda ba ka so, ka ɗanɗana."

"Amin, Baba," in ji Lonnie.

Muka amsa da amin gaba ɗaya, muryata kuma ta fi ta kowa ƙarfi. Allah ya bar su tare, ya ba su tsawon rai ko da rabin nawa ne.