Sau Goma a Kowace Awa

"Ki ɗauke hannunki daga kan yaron nan."

Muryar Umma ce, surukata, daga bakin ƙofar falo. Ban ji shigowarta ba. Ina durƙushe a gaban mijina, na kwance maɗaurin robar da ke hannunsa na dama, na kama yatsansa na tsakiya zan lanƙwasa.

"Umma, likita ce ta ce..."

"Likita ce ta haife shi? Jijiyar da aka ɗinke kwana biyar ke nan, ita kike murɗawa? Dubi goshinsa. Ciwo hutu yake so, 'yar nan."

Na dubi goshinsa. Gumi ne ya tsatstsafo masa, ya cije leɓe har ya yi fari. A hakan ma sai da ya ƙaƙalo murmushi.

"Ba komai Umma, tausa take yi min."

"Kai rufe min baki. Kai ko wuta ta saka maka, cewa za ka yi sanyi kake ji."

Na saki yatsan. In faɗi gaskiya, ba tsoron Umma ne ya sa na saki ba. Daɗi na ji da aka samu wanda ya hana ni.

Mijina mai saka gilashi ne, na tagogi da ƙofofin shaguna. Wata takwas da aurenmu tagar kicin ɗinmu ta tsage, muka toshe da kwali. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Kullum sai na yi masa gori, mutumin da ke saka wa duk gari gilashi, matarsa tana girki a bayan kwali. Ranar hutunsa da hantsi ya kafa tsani ta waje, ya hau da sabon gilashi a hannu. A daidai lokacin na gwada wata riga da tela ya aiko min, na fito tsakar gida ina juyi.

"Nawan, juyo ka gani."

Ya juyo.

Ƙarar ce ba ta bar ni ba har yau. Tsanin ya zame, gilashin ya tarwatse, shi ya faɗo a kai. Hannun hagu ya karye a wuyan hannu. Na dama kuwa gilashi ya ratsa yatsu uku, na tsakiya da na zobe da ƙarami, ya datse jijiyoyin da ke lanƙwasa su. Na ga yatsun a miƙe sambal cikin jini, yana ƙoƙarin dunƙule su sun ƙi.

Aka yi tiyata aka ɗinke. Kwana huɗu bayan nan aka tura mu sashen gashin ƙashi, wurin likitar da ke kula da masu ciwon hannu. Wata gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta jiƙa wata farar roba a ruwan zafi, ta lanƙwasa ta daidai bayan hannunsa, ta ɗaure. Sannan ta juyo gare ni.

"Hagunsa yana cikin filasta, saboda haka ke ce hannunsa. Duk awa, in dai idonsa biyu, ki kama kowane yatsa ki lanƙwasa shi har ya taɓa tafin hannu. Sau goma. Shi kada ya sa ƙarfi, kada ya ɗauki ko cokali. Zai ji zafi, kada ki fasa."

Ta ba ni takarda mai layuka, ta ce duk wanda na yi in sa alama.

Na ce to. Ai cewa to ba wuya.

Umma ta tattaro kayanta ta tare a ɗakin baƙinmu. Ba ta taɓa cewa ni na jawo ba, amma ta ga rigar a rataye, ta kuma ji labarin daga bakin maƙwabta. Ni ma ban nemi a faɗa min ba. Na kwashe kofunan gilashi na tura ƙasan kabad. Cokali ya faɗi a kan tayil, sai in zabura. Ina shara in tsinci wani ɗan tsinin gilashi a gindin bango, in tsaya ina kallonsa har ruwan da na ɗora ya ƙone. Tagar kicin tana nan da kwalinta, na daina ɗaga kai idan na shiga.

Wayata kuwa na saita ta, duk awa sai ta yi ƙara don ta tuna min. Idan Umma tana falo, in kashe in yi kamar saƙo ne ya shigo. Idan ta shiga ɗaki, in durƙusa in kwance maɗaurin. Ina kama yatsan, ina jin ya ja numfashi, sai ƙarar gilashin nan ta dawo cikin kunnena. Sai in ɗan motsa kan yatsan kawai, kaɗan, yadda ba zai ji komai ba.

"Ɗaya... biyu... uku..."

Da baki nake kai goma, cif. In ɗauki biro in sa alama.

"Yau da sauƙi ko?"

"Da sauƙi, Tawan. Hannunki akwai laushi."

Makon farko likita ta auna, ta ɗan ɓata fuska, ta ce ƙila kumburi ne. Mako na biyu na ce masa kaina na ciwo, muka fasa zuwa. A na uku babu sauran dabara.

Ta ɗora wani ɗan ma'auni mai kama da almakashi a kan gaɓoɓin yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta. Ta kama na tsakiya ta tura shi zuwa tafin hannu, ya cije a rabin hanya. Ta karɓi takardata, ta daɗe tana kallon alamomin nan da suka jeru ba giɓi ko ɗaya.

"Wa ke cike wannan?"

"Ni ce."

"Kin iya rubutu, ba laifi."

Ya yi caraf ya ce, "Likita, laifina ne. Ni nake hana ta."

"Da wane hannun?"

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Jijiya kamar zariya take a cikin ƙubakar wando. In ana jan ta tana zamewa, lafiya lau. In aka bar ta wuri ɗaya tana warkewa, sai ta manne da naman da ke kewaye da ita. Tasa ta fara mannewa. Ɗinkin likitan tiyata ya yi kyau, amma in ta gama kamawa, yatsun nan sun zama ado. Ba zai riƙe gilashi ba, ba zai riƙe biro ba." Ta dube ni. "Na ga irinki da yawa. Ba mugaye ke lalata hannu ba, masu tausayi ne. Akwai sauran lokaci, amma ba yawa."

A barandar asibitin na zube a kan benci. Kuka nake so in yi, ya ƙi zuwa. Ya zauna kusa da ni, hannu ɗaya a filasta, ɗaya a roba.

"Ka sani?"

"Tun ranar farko. Ni fa nake jin yatsan."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Saboda duk lokacin da kika kama hannuna, idonki ba ya kan hannun. Yana wajen tagar kicin. Na ce in bar ki ki huce tukuna, ban san jijiya ba ta jira ba."

"Ni na kira ka... Da ban kira ka ba..."

"Tawan, shekara goma ina hawa tsani. Dokar farko da aka koya min, kada ka juya da gilashi a hannu ko da uwarka ce ta kira sunanka. Na sani, na juyo. Ke nake son gani." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma har yau ban ga rigar ba."

Na ɗaga hannu zan doke shi, na rasa inda zan doka.

Sai ya daina murmushin. "Faɗuwar nan ba taki ba ce, ki ajiye ta. Amma makon nan uku namu ne, ni da ke. Ina tsoro, Tawan. Ban iya komai ba sai wannan sana'ar. Ina roƙonki, ki ji min ciwo."

Tunda nake ba a taɓa roƙona abu mai nauyin wannan ba.

Muna shiga gida wayar ta yi ƙara. Umma tana zaune a falo tana ninke wanki. Ban kashe ba. Na zaunar da shi, na durƙusa, na fara kwance maɗaurin a gabanta.

"Ke, me na ce miki?"

Na juya gare ta ban tashi daga durƙuson ba.

"Umma, ki yi haƙuri. Mako uku ina bin maganarki, ina kuma yi wa likita ƙarya. Yau ta ce hannun ya fara sandarewa. Ki yi fushi da ni wata biyu, na yarda. Amma ba zan bari ya rasa hannunsa don ni da ke ba ma son jin nishinsa ba."

"Iyye. To tashi," ta ce masa. "Ɗauko kayanka mu tafi gida, in ga mai taɓa ka a can."

"Umma, ki yafe min," ya ce a hankali. "Nan zan zauna."

Ban taɓa jin ya musa mata ba. Ita ma ba ta taɓa ji ba. Ta tsaya riƙe da zanin da take ninkewa.

"Mahaifinku wata huɗu ya yi yana nishi a ɗakina," ta ce. "Har yau in na ji namiji ya ja numfashi haka, shi nake ji. Ba zan iya ba."

Na ce, "Ni ma ƙarar gilashin nake ji, Umma. Kullum."

Muka dubi juna. Tun zuwanta gidan, ranar ce ta fara kallona a ido.

Ta ajiye zanin. Ta zagayo bayan kujera, ta dafa kafaɗunsa da hannu biyu, ta kawar da kai gefe.

"To yi. Ni zan ƙirga, tunda ke ba a yarda da lissafinki."

Na kama yatsan tsakiya na tura. Ya cije a inda ya cije wa likita. Na ci gaba da turawa a hankali, yadda ta nuna min, har na ji jikinsa duka ya ɗauki rawa. Ƙarar ta dawo kunnena, da ƙarfi fiye da kullum. Ban saki ba. Hawayena suna ɗiga a kan robar, nasa suna gangarowa ta gefen hanci.

"Shida," in ji Umma.

"Bakwai ne, Umma," ya ce da ƙyar.

"Wancan bai kai ba. Shida."

Haka muka yi ta yi, awa bayan awa. Aka cire filastar hagu, aka cire robar dama. Aka koya masa dunƙule hannu da kansa, da murza tabon da mai don ya yi laushi, da tsintar maɓallai yana jefawa a kofi. Wata rana yatsa ya ƙara ɗan lanƙwasawa mu yini muna murna, wata rana ya koma baya kowa ya kama bakinsa. Umma ta yi wata biyu sannan ta koma gidanta, amma duk azahar sai ta kira ta tambaya sau nawa aka yi.

Ranar da muka cika wata uku, likita ta auna na ƙarshe. Na tsakiya ya taɓa tafin hannu. Na zobe saura ƙiris.

"Zai koma aiki," ta ce. "A hankali, da ƙananan tagogi."

"Ƙaramin fa?" na tambaya.

Ta ajiye ma'aunin.

"Shi ya fi saurin mannewa, kuma shi muka makara a kansa. Ana iya sake tiyata nan gaba a saki jijiyar, amma ba na yi muku alkawari."

Da an fara a kan lokaci fa? Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Dukanmu mun san amsar.

Ta miƙo masa wani soso mai laushi. "Yau an yarda ka matse abu da ƙarfinka. Gwada."

Bai karɓi soson ba. Ya miƙo hannun ya kama yatsuna. Riƙon ba ƙarfi, yana ɗan karkarwa, amma riƙo ne, kuma shi ya yi da kansa. Yatsunsa suka rufe a kan nawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ya tsaya a sama shi kaɗai, bai taɓa ni ba.

Shi murna yake yi, har da cewa likita ta shaida matarsa ta kamu. Ni kuwa ƙaramin nake kallo, zuciyata tana min zafi, don na san wadda ta bar shi a haka.

Ya lura. Ya rage murya.

"Iya abin da ya rage ke nan, Tawan. Ya ishe ki?"

Na sa ɗaya hannuna na lanƙwaso ƙaramin yatsan a kan nawa, na riƙe shi a wurin.