Ayaba Marar Saiwa

A wani gari can da, an yi wani mutum mai ayabar ado, wadda ganyenta ne abin kallo. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta roƙe shi tsiro ɗaya daga gindinta. Don rowa, sai ya yanko mata kara marar saiwa.

Tsohuwa ta dasa. Kullum ta zuba ruwa, kullum ta ce masa, "Allah ya saka da alheri." Karan ya ruɓe, amma ba ta daina ba. Har mutumin ya koma sauya hanya don kada su haɗu.

Ran nan ya haƙo tsiro mai saiwa, ya kai mata, kansa a sunkuye. Ya ce, "Iya, wancan ba zai taɓa fitowa ba."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Wannan nake jiƙa wa rami."