Reshen Tsamiyar Gammo

Ranar Talata, ana shirin kiran sallar magariba, abin ya fara a gidan Abdulmumini mai gyaran bishiya, a bayan kasuwar Kabo. Matarsa Mansura tana madafa tana kwashe tuwo, sai ta ji wani abu yana zuba a kan kwanon ɗaki, tas-tas-tas, kamar yayyafi. Ta ɗaga kai. Sama fes take. Abin da ke gangarowa daga kwanon ba ruwa ba ne, ɓarɓashin ɗanyen itace ne, irin wanda injin mijinta yake tofarwa.

Sabon inji ne. Kafin damina ta kama, lokacin da kowa ke neman a rage masa rassa kada iska ta kayar da su a kan rufi, Abdulmumini ya je Kano ya ga injin markaɗe rassa iri biyu. Akwai ƙarami na fetur, ana tura shi kamar baro, ba ya cin reshen da ya fi kaurin damtse. Akwai babba na dizal, sai mota ta ja shi, yana haɗiye reshe mai kaurin cinya. Mansura ta ba shi shawara ya ɗauki ƙaramin, ya haɗa da sabon zarto da igiyar hawa, don tsohuwar ta fara sanƙamewa. Shi kuwa ya ce da babban zai sare, ya markaɗe, ya share wuri a yini guda, ya kuma sayar wa masu kiwon kaji ɓarɓashin su yi shimfiɗa. Ya sayar da ragowar shanun da mahaifinsa Jalo ya bari, ya jawo babban. Mutanen unguwa suka sa wa injin suna Kura.

A ranar nan ya dawo daga Gammo, inda ya rage wata tsohuwar tsamiya da ta sunkuyo kan gidan wani manomi. Ya ajiye injin a rumfarsa ta tsakar gida ya tafi masallaci. 'Yarsu Zinnira, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ita ta je rufe shi da tamfol.

“Zinnira! Zo ki ga wani abu,” in ji Mansura.

Shiru. Ta ajiye mara ta nufi rumfar. Zinnira tana zaune a ƙasa, ta jingina da tayar injin, hannunta na dama a cikin bakinsa har gwiwa. Injin a kashe yake. Mansura ta zaro hannun, ba ko ƙwarzane, amma sanyi ƙalau. Idon yarinyar a buɗe, sai dai ba uwarta take kallo ba.

“Ina ƙofa?” in ji Zinnira, da wata murya mai karkarwa da ba tata ba.

Daga nan gidan ya rufe da su. Abdulmumini ya kira maƙwabta a ɗauke ta zuwa asibitin Gwarzo. Daga rumfa zuwa tsakar gida ba ta da nauyi, amma suna isa bakin zaure sai ta zama kamar ɗanyen gungume, ƙarti suka durƙushe da ita. Da aka mayar da ita gefen injin, ta koma sakayau. Washegari Abdulmumini ya ce to injin ne zai fita. Aka ɗaura shi a bayan a-kori-kura, direba ya taka mai, tayoyi suka yi ta haƙar ƙasa, Zinnira kuwa ta saki ƙara kamar ita ake ja da sarƙar. Mansura ta faɗa gaban motar har sai da aka kashe.

Ba yarinya ta fita, ba inji ya fita, ba aiki. Maƙwabta suka koma gaisuwa ta kan katanga. Mansura ta shimfiɗa tabarma a rumfar, tana ɗura wa 'yarta kunu da cokali, tana goge mata jiki. Kullum da safe ta share ɓarɓashi, kullum da magariba ya sake zubowa. Wani lokaci sai a ji cikin injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, alhali an cire batirin, an tsiyaye man.

Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Lukuman ya zo daga Gwarzo, dattijo mai koyarwa a Islamiyya, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya gaisa da su a tsanake, ya tambayi gida da mai jiki, ya zauna a bakin tabarmar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe rumfar. Can sai Zinnira ta juyo da kai.

“Malam, rage murya. Tsohuwa ce ni, ba kurma ba.”

Mansura ta matsa jikin ginshiƙi.

“Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?” in ji Malam.

“Ba ta yi mini komai ba. Hannu ta miƙo, na kama. Kai da an kulle ka a cikin ƙarfe, ba za ka kama ba?”

“Wa ya kulle ki?”

“Ga shi can yana sunkuyar da kai. Ɗan Jalo.”

Abdulmumini ya ɗago. “Malam, wallahi na yi sallama. Tun kafin ranar na je na buga gindin tsamiyar, na ce masu wuri su tashi. Haka Baffa ya koya mini.”

“Ya yi, ba zan yi masa ƙarya ba,” in ji muryar. “Yara suka kwashe suka tafi. Ni ƙafa ta mutu. Na ce bari a sare reshen nawa, ya kwanta a ƙasa ya sha rana kamar yadda aka saba, in lallaɓa in fita. Ubanka da gatari yake aiki, reshe kan yi wata a kwance. Kai kuwa reshe bai gama taɓa ƙasa ba, na ji ni a bakin Kura. Ɗakina na kaka da kakanni, yanzu yana Kutama kaji suna kashi a kai.”

Ɓarɓashi ya fara zuba a kan kwano.

“An zalunce ki bisa rashin sani,” in ji Malam Lukuman. “Amma ke da saninki kike zaluntar wannan. Ki ji tsoron Allah ki fita.”

“In fita in je ina? In koma cikin ƙarfen? A ba ni hannun da ya tura reshen, sai in tafi.”

“Ba a ba ki ko farce.”

Ya ci gaba da karatu. Jikin Zinnira ya ɗau rawa, gumi ya jiƙe ɗankwalinta, har muryar ta ce, “Tsaya, Malam, tsaya! To a ba ni wurin zama. Kuma dodon nan ya bar ƙasar nan. Akwai tsofaffi irina a bishiyoyi da yawa.”

Malam ya juya. “Abdulmumini, kana da bishiya taka ta kanka?”

“Akwai tsamiya a gonarmu ta Gude.”

“To ka ji sharaɗi. Ba yanka, ba turare, ba roƙon kowa sai Allah. Gida ka rusa, gida za ka biya. Injin fa?”

Mansura tana kallon mijinta. Ta ga idonsa ya fara sauka a kan injin, kan jan fentinsa da ko dusashewa bai yi ba, kafin ya sauka a kan yarinyar.

“Shanun Baffa ne fa a jikinsa,” ya ce a hankali.

“Abban Zinnira,” in ji Mansura, ba ta ɗaga murya ba, “shanun nan ba su taɓa ce maka Abba ba.”

Ya rufe fuska da tafin hannu. “Zai tafi, Malam.”

Tsohuwar ta ce ba za ta hau mota ba, ta gaji da ƙarfe. Mansura ta tuna da wani busasshen gungumen marke mai kogo da ke bayan turmi, ta jawo shi da kanta. Malam ya sa muryar ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ta rantse. Ya kama ƙaramin yatsan hannun Zinnira na dama ya ɗora a bakin kogon, ya yi karatu. Yatsan ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya. Zubar ɓarɓashin ta ɗauke. Zinnira ta yi atishawa, ta dubi uwarta.

“Umma, ban rufe injin ba. Kada Abba ya yi faɗa.”

Da sassafe Abdulmumini ya saɓa gungumen a kafaɗa ya kama hanyar Gude a ƙasa. Itacen da Mansura ta ja da hannu ɗaya, shi sai da ya yi ta saukewa yana hutawa. Ya jingina shi a gindin tsamiyar gonar, ya dawo da kafaɗa a saɓule.

Ranar Litinin mota ta ja babban injin ya fita ta ƙofar gida ba gardama. Dillalin da ya sayar masa a Kano ya karɓa da ragi mai yawa, ya ba shi ƙaramin na fetur da igiyar hawa. Manyan rassa yanzu a kwance yake barinsu, wasu masu ba shi aikin suna ƙorafi, wasu sun koma wurin wani. Zinnira ta koma makaranta ta zana jarrabawarta. Tsamiyar Gude ba a sake sa mata zarto ba.