Rubutun Gefen Shafi

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, Mai Gyara yana zaune da allura a baki yana warware zare. Sana'arsa ke nan tun da ya bar makaranta a aji biyar: ɗinke littattafan da suka yage, ya yi musu sabon bango.

Ta yi sallama can ƙasan maƙoshi, ta ajiye wani littafi a teburinsa, ta bar hannunta a kai.

"Zai gyaru?"

Ya bi sunan littafin da yatsa, don karatunsa ba mai sauri ba ne. A kan ciwon damuwa aka rubuta shi.

"Wanda ya fi wannan jin jiki ma ya gyaru. Jibi ki dawo. Wane suna zan sa a takarda?"

"Auta kawai."

Ya ɗago ya dube ta. Kyakkyawa ce, sai dai idanunta sun gaji. Har ta fita yana riƙe da biro.

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, ya sa bango shuɗi. A ƙarshe ya yi abin da yake yi wa kowane tsohon littafi: ya tura shi injin yanka, ya datse gefunan da suka yi baƙi. Littafi ya fito fes.

Da ta dawo ta buɗe, sai ta shiga juya shafukan da sauri.

"Ina rubutun?"

"Wane rubutu?"

"Yayata ce ta sayi littafin nan lokacin da ciwon ya kama ni, don ta gane abin da ke damuna. Duk gefen shafi ta yi rubutu da fensir. Bara ta rasu wajen haihuwa."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta bar littafin ta fita.

Mai Gyara ya kife kwandon shara a ƙasa. Yankakkun takardun kwana uku ne a ciki, sirara kamar ciyawa. Ya tsince nata ɗaya bayan ɗaya, yana haɗa rabin harafin da ke jikin yanki da rabin da ya rage a shafi, yana liƙawa da gam. Kwana goma sha tara ya yi. Kuma ba yadda za a haɗa harafi ba a karanta ba, shi ya sa ya karanta duka. "Auta ba lalaci take yi ba." "Yau ta yi dariya sau ɗaya." "Talata asibiti, kar in manta."

Ya tura saƙo ga lambar da ta bari:

"Auta, ni ne wanda ya yi miki ɓarna. Na mayar da rubutun Yaya, saura shafi huɗu da na rasa. Ki yafe mini su."

Ta zo. Ta daɗe a kan benci tana shafa wuraren liƙin tana kuka, shi kuma ya juya baya yana goge injin da ba ya buƙatar guga.

Daga nan ta riƙa kawo masa littattafai, har waɗanda lafiyarsu ƙalau.

"Wannan me ya same shi?"

"Ka duba dai, kai ne likitansu."

"Likita ya ce a kwantar da shi, mai jinya kuma ta riƙa zuwa kullum."

Ta ara masa wasu, na sanin halin zuciya da na yadda mutum zai tashi bayan ya faɗi. Bai iya karatu a zuci ba, sai ya ɗaga murya, sai ta sa masa suna Rediyona. Shi kuma yana kiranta Sanyin Ido. Ba ta ɓoye masa komai ba: tana shan magani, tana ganin likita, kuma akwai ranakun da ko labule ba ta iya ɗagawa.

Babanta ya fi son ta auri wani ma'aikacin ofis mai digiri, wanda shi ma makarancin littattafan cin nasara ne. Ran nan mutumin ya ce mata, "Duk a tunani ne. Ki zubar da ƙwayoyin nan, ki sa wa ranki ƙarfi." Ta gaya wa Baba. Baba ya ji haushi, don shi ya ga halin da ta shiga kafin maganin, ya ce a kira masa mai ɗinkin littattafan.

Matsalar daga gidan Mai Gyara ta ɓullo. Wata goggonsa ta hango Auta a layin asibitin ƙwaƙwalwa, ta kawo wa Innarsa labari da zafinsa.

"Duk matan duniya ka rasa sai mai taɓin hankali?" in ji Inna. "Ba a gidana ba, Babana. Magana ta ƙare."

"Inna, ciwo ne kamar hawan jini."

"Karatun da ba ka yi ba shi za ka koya mini?"

Bai taɓa yi mata musu ba. Tun rasuwar mahaifinsa shekara shida da suka wuce su biyu ne a gidan, ita kuma daga ɗaki sai ɗaki, ta daina zuwa ko'ina. Kunya ta hana shi gaya wa Auta, ya yi mako guda bai kira ba. Sai saƙonta ya shigo:

"Rediyona, na gane. Ba kai ne na farko da ya ji labarin asibiti ya ɗauke ƙafa ba. Ba na fushi. Ka riƙe littafin da ke wurinka."

Ya rubuta amsa ya goge har sau biyar. A ƙarshe ya tura:

"Sanyin Ido, ban gudu ba. Inna ce. Ki ba ni lokaci, kin san komai nawa a hankali yake."



Wata ranar hutu da la'asar yana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna, ya buɗe littafin da ta bar masa don kewa, yana karantawa da muryarsa kamar kullum. Wurin yana magana ne a kan wanda aka yi wa rashi: abinci ya daina yi masa daɗi, ya farka da nauyi a ƙirji, mutane su zo gaisuwa ya ƙosa su tafi, sannan ya riƙa zargin kansa da rashin tawakkali.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Maimaita wurin nan."

Ya maimaita.

"Wa ya gaya musu?"

"Me, Inna?"

Sai ya ji tana sheshsheƙa. "Shekara shida ina cewa raunin imani ne da ni. Ashe abin suna gare shi?" Can ta ja hanci. "Ita yarinyar haka take ji?"

"Har ma fiye."

"Ita kaɗai, kuma ka ce yayarta ta rasu? Miƙo mini mayafina."

Rabon Inna da titi har ya manta. Shi ya raka ta, ya tsaya a waje. Sa'a biyu suka yi a ɗakin Auta, bai san me suka faɗa ba, ya dai ga sun fito idanu jajur. Talatar da ta biyo baya tare suka tafi asibitin, kowacce da katinta.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, ba wani taro mai yawa. Washegari Auta ta tashi da nauyin nan, kewar Yaya ta danne ta, ta kasa fitowa gaida baƙi. Goggo ta fara taɓe baki.

"Ai dama na faɗa..."

Inna ta miƙe ta tsaya a ƙofar ɗakin amarya.

"'Yata ba ta jin daɗi yau. Mai son gaisuwa ya gaishe ni, in isar mata."

Ta shiga, ta kira ɗanta, ta ɗora hannunsa a kan na matarsa.

"Inna, ki yi haƙuri, na ba ki kunya," in ji Auta.

"A gidan nan ba a ba da haƙuri don ciwo. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ranakunku masu sauƙi su fi masu nauyi yawa."

Mai Gyara ya ce amin. Auta ma ta ce amin, a hankali, ta ƙara riƙe hannunsa.